Shin Addini Yana Sauya Al'umma, Ko Lallashinta Kawai Yake Yi?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin zamantakewa. A darasi an gaya mana cewa Karl Marx ya ce addini banju ne da ake ba talaka don ya yi barci. Abin ya ɓata mini rai, amma da na koma unguwarmu na duba, sai na ga masallatai sun ninka na da, wa'azi kuma ba dare ba rana, a lasifika da rediyo da waya, amma sakin aure da shaye-shaye da bara da cin amana ba su ragu ba. To Malam, addini yana da ƙarfin sauya al'umma da gaske? In yana da shi, me ya sa ba mu gani ba?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na ji daɗin tambayarka, musamman da yake ba ka tsaya ga ɓacin rai ba, ka fita ka duba unguwarku da idonka, wanda shi ne matakin farko ga duk mai son wannan fanni. A fahimtata tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda. Ta farko, ko imani yana iya motsa jama'a har su sauya tsarin zamansu. Ta biyu, in har yana iyawa, me ya hana yawan masallatai da wa'azi na yau haifar da irin wannan sauyi. Amsar ta farko e ce, kuma tarihin ƙasar Hausa kaɗai ya isa hujja. Ta biyun ce ke buƙatar zama, domin sai mun gane ta wace hanya addini ke yin wannan aiki kafin mu gane inda aka samu tangarɗa.

Bari in fara da iyakar fannin namu. Ilimin zamantakewar addini ba ya yanke hukunci a kan wace aƙida ce gaskiya, ba shi kuma da ma'aunin ikhlasi ko lada. Wannan hurumin malaman addini ne, abin da ke zuciya kuwa Allah kaɗai ya san shi. Abin da muke iya kallo shi ne na fili: wa ke taruwa da wa, wa ake saurara, daga ina kuɗi ke fitowa kuma ina suke shiga, wace ɗabi'a ce ta sauya bayan shekara goma ko ashirin. Ni Musulmi ne, na kuma daɗe ina koyar da wannan darasi, ban taɓa jin kallon addini ta wannan taga ya rage mini komai ba.

Abin da magabatan fannin suka ce

Maganar Marx an buga ta ne a 1844, kuma yawanci rabinta ake karanta wa ɗalibai. A wuri guda ya siffanta addini da ajiyar zuciyar wanda ake zalunta, wato ya yarda cewa zafin da talaka ke ji na gaske ne, addini kuma yana rage masa raɗaɗi, kamar yadda likitocin zamaninsa ke ba majinyaci banju. Ƙorafinsa shi ne mai shan maganin kashe zafi yakan manta da neman maganin cutar. Abin da ya gani a Turai ta lokacinsa, inda manyan coci ke tare da sarakuna da masu masana'antu, ya ba shi dalili. Kuskurensa shi ne mayar da abin da ya gani a wuri ɗaya doka ga duniya duka. Emile Durkheim na Faransa, a 1912, ya fi mayar da hankali ga ibadar da ake yi a jam'i, yadda take ɗaure mutane ta sa su ji su abu ɗaya ne. Max Weber na Jamus kuwa, a 1904 da 1905, ya nuna cewa aƙida tana iya sauya yadda mutum ke aiki da tanadi da kashe kuɗi, har hakan ya taɓa tattalin arzikin ƙasashe.

Amma wanda na fi so ka riƙe shi ne Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, fiye da shekara ɗari huɗu kafin a haifi ko ɗaya daga cikin waɗancan. Abu biyu ya faɗa waɗanda suke tafiya tare. Ya ce kiran addini yana ƙara wa jama'a ƙarfi fiye da yawansu, domin yana kawar da hassada da gasa a tsakaninsu, ya juya fuskokinsu wuri ɗaya. Ya kuma ce kiran addini ba ya cika sai da asabiyya, wato jama'a mai haɗin kai da za ta tsaya a bayansa, har ya kawo labarin masu son gyara da suka tashi hana ɓarna ba tare da wannan goyon baya ba, suka halaka a banza. A nan amsar tambayarka take. Imani shi ke ba mutum dalilin jure wahala da yarda da wanda ba danginsa ba, amma ba ya isa ga kasuwa da kotu da ɗakin aure sai ya samu jama'a mai tsari da za ta kai shi can.

Shekara talatin kafin Gudu

Idan aka ambaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yawancin mutane 1804 suke tunawa, shekarar hijira daga Degel zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto. Mai nazarin zamantakewa shekaru talatin da suka gabata ya kamata ya fi kallo. An haifi Shehu a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, ya zaga Gobir da Kabi, ya zauna Zamfara shekaru yana karantarwa. Da Larabci yake rubuta wa malamai, amma jama'a da Fulatanci da Hausa yake yi musu magana, cikin waƙoƙin da makiyayi da manomi da matar gida za su iya haddacewa. Ɗalibansa suna komawa garuruwansu su buɗe makarantu, ana musayar wasiƙu da littattafai, ana ƙulla aure tsakanin gidajen malamai. Abin da ake kira Jama'a kenan, kuma ta riga daula zuwa da shekaru masu yawa.

Dubi kuma abin da ya roƙi Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a taron Idi na Magami, wajen 1788, bayan ya ƙi karɓar kyautar da aka yi masa. Ya nemi a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Biyu daga cikin biyar ɗin sun shafi kowane talakan Gobir, mai sallah da marar yi. Haka a rubuce-rubucensa ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da sunayensu na Hausa. Makiyayin da aka tatse da jangali ya ji an kira ciwonsa da sunansa, an kuma gaya masa cewa zalunci ne wanda Allah bai yarda da shi ba. Wannan aiki ne da addini ke yi fiye da kowace irin aƙida: ya ɗauki abin da mutum ya saba ɗauka ƙaddara, ya nuna masa cewa laifin wani ne, kuma akwai hisabi a kansa. Lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya kuma hana kowa wa'azi sai Shehu, ya riga ya makara, domin hanin nasa ma sai ya ƙara fito da iyakar da ke tsakanin Jama'a da fada.

Abin da ya biyo bayan nasara shi ma darasi ne, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Tun kafin a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Shehu Abdullahi, ƙanin Shehu, ya bar rundunar a 1807 saboda ɓacin rai da son duniya da ya gani a tsakanin mayaƙa, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki. Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan mabiyan Shehu na farko, ya yi wa Muhammadu Bello tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817. Daular da ta kawo alƙalai da karatu da tsaron hanyoyin fatauci, ita ce kuma ta dogara da bayi a rinjoji da yawa. Weber ya yi bayanin irin wannan: kwarjinin mai kira ba a gadonsa, don haka bayan ransa sai ya rikiɗa ya zama muƙami da sarauta, masu muƙami kuwa suna da abin da suke karewa.

Daga cikin gidan kuma aka samu misalin da na fi kawo wa ɗalibai, wato Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take zaɓar mata dattawa masu mutunci, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji takan jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin tsarki da sallah da tarbiyya, su koma su koyar da waɗanda aure da raino suka hana fita. Ba doka aka kafa ba, ba a kuma tilasta kowa ba. An duba yadda matan karkara ke rayuwa ne, aka gina hanyar da karatu zai bi ya same su, shi ya sa tsarin ya rayu bayan mai shi.

A ƙarnin da ya wuce ma haka abin yake. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi bincike a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda Hausawan unguwar suka shiga Tijjaniyya da yawansu a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da siyasar jam'iyyu ke raunana matsayin sarkin unguwar. Wazifa a jam'i kullum da masallacin Juma'a nasu sun ƙarfafa amanar da cinikin goro da shanu ke buƙata, ciniki ne kuwa da ake yi bisa bashi da alkawarin baki tsakanin maigida da dillali da baƙo. Wannan bai nuna cewa don kasuwa suka shiga ɗariƙa ba. Yana nuna cewa mutanen da ke haɗuwa kullum a sahu ɗaya sun fi jin kunyar cin amanar juna. Ita ma Izala, da Shaikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 tare da tasirin tafsirin Shaikh Abubakar Gumi a gidan rediyon Kaduna, in ka ajiye muhawarar aƙida gefe, tasirinta ga zamantakewa ta makarantu da kwamitoci da 'yan agaji ya biyo. Islamiyyar matan aure da rage kashe kuɗi a suna da biki sun dace da ma'aikaci da ɗan kasuwar birni, gasar da ta taso kuma ta sa ɗariƙu ma suka faɗaɗa nasu makarantun. A waje ma, ƙauracewar motocin haya da baƙar fatar Montgomery a Amurka suka yi daga Disambar 1955 ta kai kwana 381 ne domin coci-coci sun tara kuɗi, sun shirya motocin da ke kai mutane wurin aiki kullum. Huɗubar jagoransu Martin Luther King ita kaɗai ba za ta kai kowa aiki ba.

Wuƙa ce mai baki biyu

Kada ka ɗauka duk sauyin da addini ya kawo alheri ne. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da dubu huɗu a Kano, ya sake ɓulla a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Mabiyan Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine, galibinsu gardawa ne da 'yan ci-rani da suka ga kuɗin man fetur na wucewa ta gabansu ba su samu komai ba. Ciwon nasu na gaske ne, jama'ar ma tana da tsari, amma fassarar da aka ba ciwon ita ta kai su ga halaka.

Misalin rigakafin shan inna ya fi koyarwa, domin a cikinsa an ga bakin wuƙar duka biyu. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a gaba, suka dakatar da rigakafin bisa zargin an gurɓata maganin don hana haihuwa. Ruwa ba ya tsami banza: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Da zargin ya hau mumbari sai ya samu ƙarfin da jita-jitar kasuwa ba ta da shi, cutar ta yaɗu har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 da maganin da aka kawo daga Indunisiya, ƙasar Musulmi, amma rashin yarda ya daɗe, har aka kashe ma'aikatan rigakafi a Kano a 2013. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai da limamai, waɗanda wasunsu suka ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a. An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020. Hanyar amana da ta rufe ƙofa ita ce dai ta buɗe ta.

To me ya sa ba ka gani a unguwarku ba?

Dalili na farko, a ganina, shi ne sauraro ya yawaita, zama tare ya ragu. Wanda ya ji wa'azi a waya yana kwance shi kaɗai, ba wanda zai tambaye shi gobe ko ya aikata. Almajirin Degel yana da malami da ya san sunansa da abokan karatu da suka san halinsa. Masallacin da ake sallah a watse, ba kwamiti, ba asusu, ba wanda ya san wace bazawara ce ta kwana da yunwa a layin, gini ne mai lada, amma bai zama jama'a ba tukuna. Na biyu shi ne aljihu. Shehu ya iya roƙon sassaucin haraji domin ya ƙi kyautar sarki. Malamin da motarsa da kujerar Makkarsa suka fito daga hannun mai mulki zai yi wa'azi a kan laifin talaka, ya yi shiru a kan na mai ba shi, kuma a irin wannan hali Marx yana da gaskiya. Na uku, wasu cututtukan da ka lissafa tushensu a tattalin arziki yake. Saurayin da ba shi da aikin yi zai ji haramcin ƙwaya ya yarda, amma washegari zaman banza na jiransa. Jihohi goma sha biyu da suka faɗaɗa shari'a daga 1999, Zamfara a gaba, sun nuna cewa doka tana iya rufe mashaya, amma ba ta samar da aiki ko ta ciyar da almajiri sai an zuba dukiya da tsari.

Bari in ba ka abin da na gani da kaina a wani gari da nakan kai ɗalibai bincike. Limamai sun yi shekaru suna wa'azi a kan tsadar lefe, kowa ya yarda, ba abin da ya sauya. Da muka zauna da mutane sai muka gane abu biyu. Maza ake yi wa wa'azin a masallaci, alhali iyaye mata da gwaggwanni ke ƙirga akwati. Sannan ba gidan da zai yarda ya zama na farkon ragewa, don kada a ce an yi wa 'yarsu auren wulaƙanci. A unguwa ɗaya sai liman da mai unguwa suka zauna da malaman Islamiyyar mata, matan da kansu suka yanke iyakar kayan, aka kuma fara da auren 'yar wani mai hali wanda ba wanda zai ce rashi ne ya sa shi. Daga nan ragewa ta daina zama abin kunya. Tsarin ya yi shekaru yana aiki, ya fara sassautawa bayan rasuwar limamin, domin ba a rubuta shi ba, ba a kuma damƙa shi ga wani kwamiti ba. Unguwa ɗaya ba ta isa a kafa ƙa'ida da ita ba, kuma a irin wannan bincike da wuya ka raba tasirin wa'azi da na tsadar rayuwa, tunda duka biyun suna tura mutane wuri ɗaya. Duk da haka na koyi abu da yawa daga gare ta.

Akwai kuma sauyin da ba ka lura da shi ba domin a cikinsa aka haife ka. Tambayi kakarka mata nawa ne a zamaninta ke iya karanta Alƙur'ani da fassara, ka kwatanta da matan auren da ke cika Islamiyya da dare a yau. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, tana da makarantu da asibitoci a jihohi da dama. Gwajin jini kafin aure, wanda a da ake gani kamar zargi ne ga dangi, ya samu karɓuwa a wurare da yawa bayan limamai sun fara neman takarda kafin ɗaura aure, kafin Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Tunda ɗalibi ne kai, ga aikin da zan ba ka a hutu mai zuwa. Zaɓi masallatai uku da Islamiyya biyu a unguwarku, in akwai coci kusa ka haɗa da ita, ka nemi izinin shugabanninsu cikin ladabi. Kada ka ƙirga yawan wa'azi. Tambayi ko akwai kwamiti da sau nawa yake zama, wa ke riƙe kuɗi kuma wa yake yi wa bayani, ko akwai mata a cikin masu yanke shawara, marayu nawa aka biya wa kuɗin makaranta bara, aure nawa aka sasanta kafin ya kai gaban alƙali, kuma me zai faru da ayyukan in liman ya yi tafiyar wata shida. Ka rubuta amsoshin yadda aka ba ka su, ka kai wa malamin da ya karantar da ku Marx, ku duba tare wane wuri ne maganarsa ta dace da shi, wane ne kuma maganar Ibn Khaldun ta fi bayyanawa.